Kukan Wanka Ba Dole Ba Ne

A yawancin gidajenmu an riga an sallama cewa wankan jariri da kuka tare suke tafiya. Da hantsi ko da la'asar, in aka ji jinjiri ya tsanyara ihu daga cikin gida, ba mai ɗaga kai, sai dai a ce, "Ai wanka ake yi masa." Har akwai masu ganin kukan alheri ne, wai yana buɗe ƙirji, yana sa ƙarfi, kuma yaron da ya sha kuka a ruwa shi ke yin barci mai nauyi. Barcin kam zai yi, amma na galabaita ne. A ganina mafi yawan wannan kuka yana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa, kuma in aka kawar da dalilin, yaron da ke sanƙarewa da ya ji ƙarar bokiti shi ne zai dawo yana zillo yana neman a sa shi a baho.

Bari mu fara da abin da jaririn ya sani. Wata tara ya yi a cikin ruwa, ruwan da ɗuminsa daidai yake da na jikin uwa, wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma duk tsawon lokacin a dunƙule yake, ko'ina ya motsa akwai abin da ya tokare shi. Don haka ruwa ba baƙonsa ba ne. Abin da bai sani ba shi ne a tuɓe shi iska ta buge shi, a ɗaga shi sama ba abin da ya tallafe bayansa, a kwara masa ruwan da ya fi jikinsa zafi, wani abu ya shiga idonsa yana yaji. Waɗannan yake yi wa kuka, kuma dukkansu a hannun mai wankan suke.

Zafin ruwa shi ne babba a wurinmu, domin yana da saiwa a cikin al'ada. Mai jego tana wanka safe da yamma da ruwan da aka tafasa a ƙatuwar tukunya, ana fyaɗa mata da ganyen darbejiya ko na tsamiya, har ta yi arba'in, kuma sau da yawa daga wannan tukunyar ake ɗibar na jariri. Abin da ake gudu shi ne kada sanyi ya shiga ɗanyen jiki. Wannan tsoro ba na banza ba ne, za mu zo kansa. Matsalar tana ga hannun da ke auna ruwan. Hannun ungozoma ko na kaka ya shekara da shekaru yana sauke tukunya daga murhu, yana tuƙin tuwo, yana tsoma ganye a tafasasshen ruwa. Abin da ta taɓa ta ce "ya yi daidai," fatar jariri wuta take ji. Fatarsa ta fi ta babba taushi da rashin kauri nesa ba kusa ba, kuma ruwan da ya kai digiri 60 yana iya yi mata mummunar ƙuna cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Likitocin yara sun tsaya a kan digiri 37 zuwa 38. Wadda ba ta da ma'auni, kuma yawancinmu ba mu da shi, sai ta tsoma gwiwar hannunta ko cikin wuyan hannu, ba tafin hannu ba. In ta ji ba zafi ba sanyi, to shi ne. Jaririn da ya fito daga wanka jikinsa ya yi jawur, ba tsafta ce ta sa shi ja ba.

Ita kanta sirkar tana da ƙa'ida. Ruwan sanyi ake fara zubawa a baho, sannan na zafi ya biyo baya, a juya da hannu har su haɗu, don kada wani gefe ya fi wani. Ba a ƙara na zafi alhali yaro yana ciki. Buta ko filas ɗin da aka kawo ruwan kuwa a ajiye su inda ƙafar mai wanka da hannun yayyen jariri ba za su kai ba.

Yanzu ga gaskiyar da iyayenmu suka riƙe. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman in fatarsa a jiƙe take iska na kaɗawa. Ɗumin da ake so ya zauna a kai tsakanin digiri 36.5 ne da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka an shiga matsala, balle ga bakwaini ko wanda aka haifa da ƙaramin jiki. Saboda wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har sai jariri ya yi awa 24 a duniya, in kuma al'ada ta matsa, to a bari ya kai aƙalla awa 6. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su, ya kama nono. Farin maiƙon nan da ake haifarsa da shi ba dauɗa ba ne, kariya ce ga fata, kuma da kansa yake shigewa. A wurare da dama ana cewa in ba a dirje shi tas a ranar farko ba yaro zai tashi da warin jiki. Warin jikin babba kuwa daga gumin da ke fara fita a hammata lokacin balaga yake zuwa, ba ruwansa da wankan ranar haihuwa.

Maganin sanyi ashe ba ƙara wa ruwa zafi ba ne, gyara wurin wankan ne. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busawa daga Damagaram da Maraɗi har Kano da Zariya, fito da jariri tsakar gida da sassafe a tuɓe shi azabtarwa ce, komai ɗumin ruwan. A shiga ɗaki, a tura ƙofa, a kashe fanka, a bari rana ta ɗaga. Tun kafin a cire masa riga a jera komai a gefe: tawul a buɗe, nafkin, riga, hula, man shafawa. Minti biyar zuwa goma ya isa. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da ke rage kuka ƙwarai: a jiƙa ɗan tsumma mai laushi da ruwan ɗumi a shimfiɗa masa a ƙirji da ciki, a riƙa tsiyaya ruwa a kai a kai don kada ya huce. Ga sabon haihuwa mai yawan firgita, ana iya naɗe shi sakwa-sakwa da zane mai shara-shara, a sa shi a ruwan da zanen, a buɗe hannu ɗaya a wanke a mayar, a buɗe ɗayan, haka har a gama. A ɗakunan jinyar bakwaini na asibitoci da dama haka ake yi, domin an ga yara sun fi natsuwa kuma ɗuminsu bai cika sauka ba.

Wajen riƙo kuwa, ban ga abin da kasuwa ta kawo da ya fi abin da muka gada ba. Dubi tsohuwar da ta ƙware. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta tattare zane zuwa gwiwa, ta miƙe ƙafafu biyu a haɗe a kan daro. Ta kwantar da jinjirin a kan ƙwaurinta, kansa ta wajen da ya fi tudu, hannunta na hagu a ƙarƙashin ƙeyarsa, na dama yana ɗibar ruwa da tafi yana zubawa a hankali daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ruwan da ya taɓa jikinsa yana gangarawa daro, ba ya dawo masa. In ta zo baya sai ta kifa shi a hankali, ƙirjinsa a kan ƙafarta, fuskarsa a gefe. Tun daga farko har ƙarshe jikinsa bai rabu da jikin mutum ba. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ana haifar jariri da wata zabura: da ya ji kansa ya tafi baya ba tallafi, sai ya watsa hannuwa, ya buɗe yatsu, ya fashe da kuka. Zaburar kan gushe ne wajen wata huɗu zuwa shida. Kafin nan duk wankan da zai sa ya ji yana reto a iska wankan tsoro ne. Matar da take amfani da bahon roba na zamani sai ta nemo wannan tallafin ta wata hanya: ƙeyarsa a kan damtsen hannunta, yatsunta sun zagaye hammatarsa ta can gefe, ƙafafu su fara shiga ruwa, sannan sauran jiki a hankali. Shimfiɗa tawul a gindin bahon yana hana santsi.

Sai dai fa a gidajenmu wanka ba wanka kaɗai ba ne, tarin abubuwa ne da ake yi a zama ɗaya, kuma jariri ba ya rarrabe su. Akwai gashin cibiya da tsumma mai zafi. Akwai matse nonon jariri don a fitar da ɗan ruwan da ke ciki. Akwai ɗura, ko ɗan ruwan wankan da ake ɗiba da tafi a ba shi. Akwai kama ƙafafu a zazzage shi kai ƙasa, da cilla shi sama a cafe don wai ya cire tsoro. In duk ranar Allah waɗannan ne ke biyo bayan ƙarar ruwa, me zai hana shi tsanar ƙarar? Kuma kowannensu yana da illarsa. Cibiya tana faɗuwa da kanta, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu, abin da take so a bar ta a tsaftace a bushe. A Najeriya hukumomin lafiya sun amince da wani magani mai suna kuloheksidin da ake shafa mata, shi ya kamata ya maye gurbin gashi da man goge baki da toka. Kumburin nono daga sinadaran jikin uwa yake, yana sacewa da kansa, matsa shi ne ke jawo ƙurji. Yaron da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara, balle ruwan da aka wanke jiki da shi. Wuyansa kuwa bai iya ɗaukar nauyin kansa ba sai wajen wata huɗu, girgiza mai ƙarfi tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Miƙa gaɓoɓi a hankali da tausa da mai, wannan kam a riƙe shi, yara suna jin daɗinsa.

Sabulu shi ne abu na gaba. Sabulun salo da toka ake haɗa shi, yana da kaifi, haka ma sabulan da ake kira masu magani. Fatar jariri ba ta buƙatar su, kuma ba ta buƙatar Dettol ko makamancinsa a ruwan wanka. Soso mai kaushi ma a bar wa manya, tafin hannu ko tsumma mai laushi ya wadatar. Ina dauɗar jariri take? Tana lanƙwasar wuya inda nono ke gangarawa, da bayan kunne, da hammata, da cikin tafin hannun da yake dunƙulewa, da matsematsi. Nan ne wurin kula. Fuska ake fara wankewa da ruwa zalla tun ba a taɓa sabulu ba, kai kuma a bar shi ƙarshe, saboda jiƙaƙƙen kai yana saurin sa shi jin sanyi, a ɗan karkata shi baya ruwan ya bi ta ƙeya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ganin wanka sau uku a mako ya isa a shekarar farko. Wannan ba lallai ya dace da wanda ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, inda zafi ke haura digiri 40, ga gumi ga ƙurajen zafi. Ruwa kullum a irin wannan lokaci rahama ne. Abin da za a ɗauka daga maganarsu shi ne ba kowane wanka ne ke buƙatar sabulu ba. Sabulu safe da yamma a cikin hunturu yana busar da fata har ta tsattsage, fatar da ta tsage kuwa da ruwa ya taɓa ta sai raɗaɗi, sai kuka, sai a ce yaron nan ba ya son wanka.

In an kawar da abin da ke sa kuka, daɗin daga ina zai fito? A watannin farko daga fuska da muryar mai wankan yake fitowa, ba wani wuri ba. Sabon jariri ya fi ganin abin da ke nesa da idonsa da kamar santimita 20 zuwa 30, kusan tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta wadda ta sunkuyo tana wanke shi. Kakanni sun san wannan aiki. Za ka ji tsohuwa tana zuba ruwa tana cewa, "Kai maigida, yau ma ba kuɗin cefane sai ƙaton ciki? Miƙo hannun in gani. Yauwa, ɗan albarka." In mace ce kuma, "Ke kishiya, duk wannan kwalliyar don ki ƙwace mini miji ne?" Yaron bai san ma'anar ko ɗaya ba, amma yana jin hawa da saukar murya, yana kallon baki, ya yi ɗan gwaranci, ta amsa masa, ya ƙara. Wannan karɓa-karɓar ita ce tushen koyon magana. Kuma babu lokacin da ya fi wanka dacewa da kiran sunayen gaɓoɓi, tunda ana taɓa abu ana faɗar sunansa: ga kunne, ga ciki, ga ƙafa. Faɗa masa abin da za a yi kafin a yi, "ga ruwa nan zuwa bisa kai," yana da amfani tun bai fahimci kalmomin ba, domin da sannu zai gane sautin, ya riƙa runtse ido da kansa.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna. Kunyar ɗan fari ta sa uwa a gidaje da yawa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. A da wannan bai bar giɓi ba, domin ta tafi wankan gida, ga kaka ga goggo ga inna, su ke wankan su ke wasan. Yau yarinya tana haihuwa a gidan haya a Abuja ko Kaduna ko Yamai, wadda ta zo taya ta zama ta koma bayan suna ko bayan arba'in, ta rage daga ita sai jaririn. In ta riƙe kunyar ta yi wankan shiru fuska a ɗaure, ba wanda zai cike gurbin. Ɗakin wanka dai ba kowa a ciki. Ta yi masa waƙar renon da aka yi mata, ko ta ƙirƙiro tata da sunansa. Uba ma yana da wuri a nan. Ko bai iya riƙon ba, ya riƙe tawul ya karɓe shi in an fito, ya tsaya inda yaro zai ga fuskarsa. Mazan da suka gwada sun san abin da ake samu a ciki.

Lokaci ma yana da nasa. Yaro mai jin yunwa ko barci ba abin da zai burge shi, wanda kuma ya gama shan nono yanzu tumbiɗi zai yi. A nemi tsakani, kuma a riƙe lokaci ɗaya da tsari ɗaya, domin yaro yana samun natsuwa in ya san abin da ke biye da wani. A 2009 wata masaniyar barcin yara a Amurka, Jodi Mindell, ta wallafa binciken da ta yi da abokan aikinta a kan iyaye mata 405 masu yara daga wata 7 zuwa shekara 3. Waɗanda aka sa su bin tsari ɗaya kowane dare, wanka, sai shafa mai, sai rarrashi cikin natsuwa, yaransu sun fi saurin yin barci kuma farkawar dare ta ragu, su kansu iyayen hankalinsu ya fi kwanciya. Kamfanin kayan wankan yara ne ya ɗauki nauyin binciken, don haka ba wani sabulu na musamman za a ɗauka daga ciki ba, tsarin za a ɗauka. Akwai kuma yaran da wanka ke wartsakar da su maimakon ya kwantar, irin waɗannan da safe ya fi musu.

Daga wajen wata shida, in yaro ya fara zama, hannunsa ne ke neman aiki. A nan ne iyaye ke ganin sai sun sayo agwagwar roba da jiragen ruwa. Ba laifi, amma kicin ya riga ya tanadi abin da ya fi su. Kofin roba biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Ludayi. Matacin shayi. Mazurari. Robar ruwa da aka huda gindinta da ƙusa wuri huɗu ko biyar, in an ɗaga ta ruwa ya riƙa zubowa siri-siri. Ka zauna ka kalli ɗan wata goma da kofi: zai cika, ya ɗaga, ya tuntsurar, ya bi ruwan da ido har ya ƙare, ya dube ka, ya sake. Sau ashirin zai yi bai gaji ba. Yana gano cewa abu yana cika yana ƙarewa, murfin roba yana yawo a sama cokali yana nutsewa, dukan ruwa da ƙarfi ya fi fantsama. Kada a hana shi fantsamar, a ɗaura tsohon zane a ba shi fili. Abin kiyayewa shi ne duk abin da zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya, kamar murfin kwalba, ba na baho ba ne. Su kuma kayan wasan roba masu ɗan rami da ake matsawa su fesa ruwa, a 2018 masu bincike a Suwizalan sun yanka irinsu da aka yi amfani da su a gidaje, suka tarar cikinsu ya yi dafifi da ƙwayoyin cuta da fumfuna, har da nau'o'in da ke iya sa ciwon ido da kunne. Ruwan da ke kwana a ciki shi yaro ke fesawa a fuskarsa. Ko dai a toshe ramin tun suna sababbi, ko a zaɓi abin da ake iya wankewa a kife ya bushe a rana.

Tsakanin shekara ɗaya da uku wani abu kan faru da ke ɗaure wa iyaye kai: yaron da ke son ruwa sai ya wayi gari ya ƙi shi ƙememe. Yawanci akwai mafari. Ko ya zame sau ɗaya, ko kumfa ta shiga idonsa, ko an kwara masa moɗa guda a ka ba shiri numfashinsa ya ɗauke. Abin da aka saba yi shi ne a damƙe shi, a matse tsakanin gwiwoyi, a gama da ƙarfi, wani lokaci har da ɗan duka, jiƙaƙƙen jiki kuwa duka ya fi shiga. Wannan yana gama wankan yau, amma yana ƙara wa na gobe wuya. Abin da ya fi shi ne a ja da baya. Kwana biyu ko uku a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma yana tsaye a gefen baho. A ba shi 'yartsana ko ƙaramin kwano ya wanke, hannunsa ya koma ruwa da son ransa. Gobe ƙafa ta shiga, jibi ya zauna. Wankin kai a raba shi da sauran wanka, sau ɗaya ko biyu a mako, a ba shi busasshen tsumma ya dafe a goshi, a ce, "Dubi sama, ina tsuntsu?" sannan a tsiyaya kaɗan-kaɗan ta baya. Ɗan shekara biyu yana son a ce shi ya zaɓa, sai a ba shi zaɓin da duk inda ya faɗa daidai ne: "Hannu za mu fara ko ƙafa? Jan kofi ko shuɗi?" In kuma ya yi fitsari ko kashi a ruwan, a fito da shi a sake wani ba tare da tsawa ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa jaririn Ummu Ƙais ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fitsari a tufafi, abin da ya yi kawai shi ne ya nemi ruwa ya yayyafa a wurin.

Akwai abu ɗaya da ba sassauci a cikinsa. Ba a barin yaro shi kaɗai da ruwa, ko na ƙiftawar ido. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, kuma shiru abin ke faruwa, ba ihu ba fantsama. In an yi sallama, ko waya ta yi ƙara, ko miya na ƙonewa, a naɗe shi a tawul a tafi da shi. Yayarsa 'yar shekara shida tana iya taya wasa, tana iya miƙo sabulu, amma ba ita ce mai tsaro ba. Da an gama kuma a zubar da ruwan a kife bahon. A gidajen da ake tara ruwa saboda rashin famfo, bokiti da daro da randa duk a rufe su, domin mai rarrafe in ya leƙa bokiti kansa ne ke rinjayarsa, kuma ba ya iya fitowa.

Bayan fitowa, a dafa jiki da tawul maimakon gurzawa, a bi lanƙwasoshi a busar, a shafa mai tun fata da sauran danshi. Man kaɗanya mai kyau ko basilin marar turare sun isa. Man zaitun yana da daraja a wurinmu, amma wani gwaji da aka yi a kan jarirai 115 a Manchesta ta Ingila ya nuna shafa shi kullum a makonnin farko yana jinkirta ƙwarin fatar jariri, don haka a dakata da shi tukuna. Hoda in ta tashi yaro shaƙa yake yi, ba ta da wani amfanin da busarwa da kyau ba ta yi. Kwalli an sha samun dalma a cikinsa. Ƙwallayen kafur da ake sawa a akwatin kayan jarirai kuwa suna iya tayar da shawara mai tsanani ga wasu yaran, a raba su da kayansa.

Duk wannan yana da sauƙin rubutawa, amma mai jego ta san ba ita ke da iko da bahon ba a kwanakin farko. In ta ce, "Inna, ruwan nan bai yi zafi ba kuwa?" amsar a shirye take: "Ke 'yar nan, da wane ruwan muka wanke mijin naki?" Gardama ba za ta yi ba, kuma bai kamata a yi ta ba, domin matar nan ta baro gidanta ne don ƙauna, kuma riƙon da ta iya ba a littafi ake samunsa ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a shigo ta ƙofar neman koyo: "Inna, don Allah ki nuna mini yadda kike ɗora shi a ƙafa. Ni zan riƙa haɗa miki ruwan, a asibiti sun ce a gwada da gwiwar hannu." Wadda ta haɗa ruwa ita ta yanke zafinsa. In surukar ce, to maganar gashi da ɗura ɗanta ne ya kamata ya yi mata, cikin ladabi, tun kafin haihuwa, ba a bar wa yarinya mai ɗanyen jiki ba.

Wajen shekara uku zuwa huɗu rigimar takan juya, yaron da ake fama ya shiga yanzu fama ake ya fito. A sanar da shi tun da saura, "kofi uku za ka zuba mu tashi," a ƙirga tare. A waɗannan shekarun ne kuma ake fara miƙa masa soson: ya wanke ciki da hannuwa da ƙafafu, a koya masa wanke gabansa da kansa, a gaya masa wurin nan nasa ne, ba mai taɓawa sai mai yi masa tsarki. Zai bar kumfa a baya, zai manta wuya. Bayan kunne da tsakanin yatsun ƙafa da ɗaurayar ƙarshe suna nan a hannun babba har ya kai shekara shida ko bakwai.